Lissafin Goma-Goma Da Logaridam: Abin Da Suke Tonawa Game Da Riba Da Tauye Mudu

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya buɗe wa bayinsa ƙofofin neman halal. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun yana saurayi, mutanen Makka kuwa suka yi masa laƙabi da Al-Amin saboda riƙon amanarsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, malamai sun yi ittifaƙi a kan cewa bai halatta ga baligi ya shiga wata mu'amala ba sai ya san hukuncin Allah a cikinta. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya hana mutum ya yi sayarwa a kasuwar Musulmi in bai fahimci addini ba. To, hukunce-hukuncen ciniki da bashi da zakka duk a kan adadi suke tafiya, saboda haka wanda ya san hukunci amma bai iya lissafi ba yana iya faɗawa cikin haram da idonsa biyu, ko kuwa a zalunce shi yana godiya. Darasin wannan mako ya shafi hanyoyi biyu na lissafi, watau lissafin goma-goma, wanda 'yan makaranta suke kira desimal, da kuma logaridam. Na farko yana daidaita awo, na biyu kuwa yana nuna yadda bashi mai ruwa yake kumbura har ya haɗiye mai shi.

Mene Ne Lissafin Goma-Goma?

Kowa ya san cewa a lamba kamar 325, ukun nan ɗari uku ce, biyun ishirin ce, biyar kuwa biyar ce. Kowane gurbi ya ninka na damansa sau goma. Lissafin goma-goma ci gaba ne da wannan tsari zuwa abin da bai kai ɗaya ba. Sai a ɗiga ɗigo bayan lambar ƙarshe, gurbi na farko bayan ɗigon ya zama na ɗaya bisa goma, na biyu na ɗaya bisa ɗari, na uku na ɗaya bisa dubu, haka har iyakar abin da ake bukata. Da wannan, rabi ya zama 0.5, rubu'i 0.25, sumuni 0.125, ushiri 0.1, rabin ushiri 0.05, rubu'in ushiri kuwa 0.025.

Dattawan da suka yi ciniki da kuɗin fam sun fi kowa sanin sauƙin da wannan tsari ya kawo. A wancan zamani kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga taro da sisi da fataka a tsakani. Mai tara kuɗin kaya tilas ya tara kwabbai ya raba su sau 12, ya tara sulalla ya raba su sau 20, sa'an nan ya koma kan fam. Ran 1 ga Janairu, 1973, Nijeriya ta koma amfani da naira da kwabo, aka mai da fam ɗaya naira 2, sule ɗaya kwabo 10, naira ɗaya kuwa kwabo 100. Abin da a da ake rubutawa fam 3 da sule 17 da sisi, sai ya koma N7.75 kurum. Tun daga sa'an nan duk mai riƙe da naira yana aiki da lissafin goma-goma, ko ya sani ko bai sani ba.

Amfaninsa ga mai fid da zakka a fili yake. In dukiyar ciniki ta kai nisabi, shekara kuma ta kewayo mata, abin da za a fitar shi ne rubu'in ushiri, watau a ninka dukiyar sau 0.025. Mai N20,000,000 zai fitar da N500,000. Nisabin zinariya miskali 20 ne, malamai da yawa na wannan zamani sun ƙaddara miskali da giram 4.25, jimla giram 85 ke nan, zakkarsa kuwa giram 2.125.

Amma fa akwai inda ɗigon yake gazawa, ya kamata ɗalibi ya kiyaye. Sulusi ba ya ƙarewa a wannan lissafi, domin 0.333 yake tafiya ba iyaka, haka ma sudusi, 0.1666. Don haka masu rabon gado ba su dogara da shi wajen fid da rabon magada. Sukan fara neman asalin mas'ala, kamar 6 ko 12 ko 24, su san rabon kowa daidai wa daida, sa'an nan su mai da shi naira da kwabo.

Inda Ilmin Ya Fito

Lambobin nan tara da sifili daga Indiya suka fito. Muhammadu ɗan Musa Al-Khawarizmi, wanda ya yi aiki a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun (813 zuwa 833), ya rubuta littafi a kansu, a cikin littafinsa na Aljabara kuma ya ware babi ga lissafin saye da sayarwa, ya ba wasiyya da gado fili mai yawa. A wajen shekarar 952 Abul Hasan Al-Uƙlidisi ya rubuta littafin lissafi a Dimashƙa, inda ya sa wata 'yar alama don rarrabe cikakkiyar lamba da gutsurenta na goma-goma. Wanda ya tsara abin sosai shi ne Jamshid Al-Kashi, a cikin littafinsa Miftahul Hisab da ya kammala a Samarkand a 1427.

A Turai kuwa, Simon Stevin, mutumin Bruges ta ƙasar Beljiyam ta yau, shi ya yaɗa wannan lissafi. A 1582 ya buga jadawalin kuɗin ruwa, abin da masu ba da bashi suka saba ɓoyewa a tsakaninsu. A 1585 ya buga wani ɗan littafi a kan lissafin goma-goma, ya yi kira ga hukumomi su gina kuɗi da ma'aunai a kan goma. Kiran nasa bai sami karɓuwa sosai ba sai bayan shekara ɗari biyu, sa'ad da Faransa ta kafa awon mita da kilo a shekarun 1790, daga can ya bazu ko'ina.

Ɗigo A Bakin Ma'auni

Alƙur'ani ya tsananta a kan tauye awo. Sura ta 83, Suratul Muɗaffifin, ta buɗe da narko ga waɗanda suke cika mudu in su ne masu saye, su tauye in su ne masu sayarwa. Mutanen Madyana kuwa, cikin laifuffukan da Annabi Shu'aibu ya gargaɗe su a kai har aka halaka su, akwai wannan. A da, tauyewa da hannu ake yi, a buga gindin mudu ya lotsa ko a zuba hatsi sakwa-sakwa. Yanzu an sami wata tauyewa wadda ba a taɓa mudu, sai dai a ci da jahilcin mutum wajen sauya wani awo zuwa wani.

Ga ƙa'idojin da ya kamata ɗan kasuwa ya haddace. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Yadi ɗaya mita 0.9144 ne. Laba ɗaya kilo 0.4536 ce. Galan ɗaya na Ingila lita 4.546 ne, na Amurka kuwa lita 3.785.

A ɗauki misalin mai sayar da yadi wanda ya yanke wa kansa sandar awo mai tsawon mita 0.9, yana cewa ai yadi ne. Bambancin mita 0.0144 ne kacal, bai kai faɗin ɗan yatsa ba, mai saye ba zai gani ba. Amma in ya auna yadi 1,000, ya riƙe mita 14.4 na mutane, watau kusan yadi 16, fiye da turmi biyu da rabi na atamfa mai yadi shida. Haka kuma wanda aka sayar wa kaya laba 100 aka ce masa laba rabin kilo ce, zai biya kuɗin kilo 50 alhali kilo 45.36 ya karɓa. Wanda ya sayi mai galan 10 yana zaton galan na Ingila ne, aka auna masa da na Amurka, ya yi asarar lita 7.6.

Sikeli ma haka. In ya karkace har kilonsa ya zama 0.95, mai shi kuma yana sayar da kilo 200 a yini, to kullum yana tauye kilo 10. A kwana 300 ya tara kilo 3,000, buhu 60 ke nan na kilo hamsin-hamsin, haƙƙin mutanen da bai san sunayensu ba balle ya nemi gafararsu. Da yayyafi kogi kan cika. Wajibi ne mai sikeli ya riƙa gwada shi da dutsen awo na gaskiya, domin rashin dubawa bayan an sami halin dubawa sakaci ne.

Mudu da tiya kuwa, awon cika ne, girmansu yana bambanta daga gari zuwa gari. Ba laifi a yi ciniki da su muddin mai saye da mai sayarwa sun san mudun da suke nufi. Amma wajen zakka sai a koma ga sa'i, wanda yake mudun Annabi 4, nisabin hatsi kuma sa'i 300 ne.

Ruwa A Kan Ruwa

Kafin a shiga wannan babi, mai karatu ya lura Hausa tana kiran amfanin ciniki riba, tana kuma kiran ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi riba. Ta farko halal ce, ta biyu haram. A nan gaba, in an ce ruwa ko kuɗin ruwa, ta biyun ake nufi.

Masu ba da bashi da ruwa hanya biyu suke bi. A ta farko, a kan uwar kuɗi kaɗai ake lissafa ruwa. A ta biyu, ruwan da ba a biya ba sai a haɗa shi da uwa, shi ma ya fara haihuwa. Wannan shi ne ruwa a kan ruwa. Misali, mutum ya ci bashin N100,000 a kan ruwa 10 bisa 100 a shekara. Uwa da ushirinta a lissafin goma-goma 1.1 ke nan, saboda haka kowace shekara ana ninka abin da ake binsa sau 1.1. Ƙarshen shekara ta farko ana binsa N110,000, ta biyu N121,000, ta uku N133,100. Da a kan uwa kaɗai ake lissafi, da N130,000 ne. Bambancin N3,100 ne, mai cin bashi sai ya ga ai ba wani abu ba ne. Nan ne tarkon yake. A shekara ta 10 hanyar farko ta kai N200,000, ta biyu kuwa N259,374. A shekara ta 20 ta farko N300,000, ta biyu N672,750.

Wahalar wannan lissafi ita ce tsawonsa. Wanda yake son ya san bashin shekara 20 sai ya yi ninki 20, kowane da jerin lambobi bayan ɗigo, kuskure ɗaya kuma ya ɓata saura. Wanda yake son ya san yaushe bashin zai ninka biyu kuwa, sai ya yi ta laluɓe. Logaridam ne ya warware wannan.

Yadda Logaridam Yake Aiki

John Napier, mutumin Sikotilan, shi ya bayyana logaridam a wani littafi da ya buga a Edinbara a 1614, bayan ya yi kimanin shekara 20 yana aikin. Henry Briggs na London ya gyara tsarin ya ɗora shi a kan goma, ya buga babban jadawalinsa a 1624. Wasu sukan ɗauka kalmar daga sunan Al-Khawarizmi ta fito, wannan kuwa kuskure ne. Napier ne ya ƙago ta daga kalmomi biyu na Girkanci, ɗaya tana nufin gwargwado, ɗaya tana nufin lamba.

Ma'anarsa ba ta da wuya. Logaridam na wata lamba shi ne adadin goma-goman da za a jera a ninka su da juna a sami lambar. Goma ɗaya ce take ba da 10, logaridam ɗinta 1. Goma sau goma 100 ne, logaridam ɗinsa 2. Goma sau goma sau goma 1,000 ne, logaridam ɗinsa 3. Yanzu a duba: 100 sau 1,000 ya ba da 100,000, wanda logaridam ɗinsa 5 ne, watau 2 a tara da 3. Asirin ke nan gaba ɗaya. Ninka lambobi daidai yake da tara logaridam ɗinsu.

Lambobin da suke tsakanin 1 da 10 logaridam ɗinsu yana tsakanin sifili da ɗaya, a nan ne lissafin goma-goma ya shigo. Na 2 shi ne 0.3010, na 3 kuwa 0.4771. In aka tara su a sami 0.7781, wanda shi ne logaridam na 6. A da ɗaliban sakandare cikin ɗan littafin jadawali mai lamba huɗu suke duba waɗannan, yanzu kuwa na'urar lissafi ta cikin wayar hannu tana da maɓallinsa.

To, a koma ga bashin nan. Logaridam na 1.1 shi ne 0.0414. Ninka 1.1 da kansa sau 10 daidai yake da tara 0.0414 sau 10, a sami 0.414. Lambar da take da wannan logaridam ita ce 2.594. Watau a shekara 10 bashin ya ninka sau 2.594, amsar da aka samu ɗazu ke nan, amma da taki biyu. In kuwa tambayar ita ce yaushe zai ninka biyu, sai a raba logaridam na 2 da na 1.1, watau 0.3010 a raba da 0.0414, a sami 7.27. Shekara bakwai da wata uku ke nan. In ruwan 5 bisa 100 ne, logaridam na 1.05 shi ne 0.0212, bashin zai ninka biyu a shekara 14 da 'yan watanni. Wanda ba shi da jadawali yana iya raba 72 da adadin ruwan ya sami amsa ta kusa, dabarar da Luca Pacioli na Italiya ya ambata tun 1494.

Abin tsoro ya fi yawa inda ake lissafa ruwa wata-wata. A ɗauka wani manomi ya karɓi N100,000 a farkon damina don ya sayi taki, aka ce ruwansa 10 bisa 100 ne a wata, abin da bai biya ba kuma a haɗa da uwa. Shi a zuciyarsa N10,000 yake lissafawa kowane wata. In damina ta yi gardama bai biya kome ba, bayan wata 12 sai a ninka 0.0414 sau 12, a sami 0.4968, lambarsa kuwa 3.14. Ana binsa kimanin N314,000. Bayan wata 24 lissafin ya kai 0.9936, lambarsa 9.85, ana binsa kimanin N985,000. Bashin da aka ci don buhunan taki ya kai a sayar da gona. In ruwan 20 bisa 100 ne a wata, logaridam na 1.2 shi ne 0.0792, bashin yana ninka biyu kafin wata huɗu ya cika, a shekara guda kuma ya ninka kusan sau tara.

Hukuncin Shari'a

Malaman tafsiri sun bayyana cewa a zamanin Jahiliyya in wa'adin bashi ya cika, mai bin bashi yakan ba wanda ake bi zaɓi, ko ya biya nan take ko a ƙara masa kuɗi a ƙara masa lokaci. Haka ake yi wa'adi bayan wa'adi har ɗan bashi kaɗan ya zama tsibi. Aya ta 130 ta Suratu Ali Imrana ta hana cin wannan riba mai ninki a kan ninki, jadawalin da ya gabata kuwa hoton abin ne a cikin lambobi. A Hajjin Ban Kwana, shekara ta 10 bayan Hijira, Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya soke ribar Jahiliyya duka, ya fara da wadda baffansa Abbas yake bin mutane.

Kada wani ya ɗauka cewa mai ninki ce kaɗai haram. Ayoyi na 275 zuwa 280 na Suratul Baƙara sun hana riba baki ɗaya, sun nuna cewa wanda ya tuba uwar kuɗinsa kaɗai ce tasa, sun kuma yi umurni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Malaman mazhabobi huɗu sun haɗu a kan cewa duk ƙarin da aka sharɗanta a kan rance riba ne, kaɗan ne ko mai yawa.

Lissafin yana kuma taimaka wa mutum ya rarrabe bashi mai ruwa da sayarwa ta jinkiri. In ɗan kasuwa ya sayi keken ɗinki N100,000 ya mallake shi, sa'an nan ya sayar wa tela a kan N120,000, a biya N10,000 kowane wata har wata 12, wannan ciniki ne, jumhurun malamai sun halatta shi muddin an yanke farashi ɗaya tun wurin ƙulla ciniki. Alamarsa ita ce, ko tela ya yi jinkiri, N120,000 ɗin nan ba ta ƙaruwa. Ranar da aka ce jinkiri zai jawo ƙari ga mai bin bashi, to an koma gidan Jahiliyya.

Ilmin kansa ba shi da laifi, wuƙa ce, da ita ake yanka layya da ita kuma ake ta'adi. Ɗan kasuwan da yake mai da ribar cinikinsa cikin jari, in yana samun 10 bisa 100 a shekara, da wannan lissafi zai san jarinsa zai ninka biyu a shekara bakwai da 'yan watanni. Wanda ya ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, in aka ƙaddara farashin kaya yana hawa 20 bisa 100 a shekara, kafin shekara huɗu kuɗin nan rabin abin da suke saya a da za su saya. Mai riƙon dukiyar maraya kuwa yana da darasi na musamman. A mazhabar Malikiyya ana fid da zakka daga dukiyar yaro, kuma an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi umurni a riƙa juya dukiyar marayu kada zakka ta cinye ta. Lissafi ya nuna cewa dukiyar da aka ajiye ana cire mata rubu'in ushiri kowace shekara, in ba ta sauka ƙasa da nisabi ba, za ta koma rabi a cikin kimanin shekara 27.

Abin Da Ya Kamata A Yi

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da haka ne, duk wanda aka miƙa wa takardar bashi ya tambayi abu uku kafin ya sa hannu ko ya dangwala: nawa zai biya gaba ɗaya, akwai ƙari a kan abin da ya karɓa ko babu, mene ne kuma zai faru in ya yi jinkiri. In bai iya lissafi ba, ya kai wa ɗansa ko maƙwabcinsa da ya iya. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, rubutun da mai shi bai fahimta ba kuwa bai tsare masa kome ba. Malaman Islamiyya su ma ya kyautu su haɗa babin ciniki da na zakka da irin waɗannan misalai, domin almajirin yau shi ne mai riƙe da sikeli gobe.

Allah ya tsare Musulmi daga cin riba da tauye mudu, ya warware wa masu bashi bashinsu, ya sa albarka a cikin kasuwanni. Allah shi ne mafi sani.